Amsa ga tambayar Hajiya: shin AI za ta gyara aikin gwamnati?

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Hajiya, na ga tambayar da kika ajiye kan bidiyon nan da aka turo, mai cewa nan da 'yan shekaru ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta kawar da layi da cin hanci a ofisoshin gwamnati. Kika ce gaskiya ne ko zuƙi ta malle ce? Na kuma ga Malam ya amsa cewa duk dabara ce ta korar ma'aikata da leƙen asirin talaka. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan ja.

To, Hajiya, masu irin wannan bidiyo daga ƙarshe suke ɗauko labarin. Kafin a zo kan AI akwai maganar bayanai, kuma a nan aikin yake. Ita na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Idan sunan mutum ɗaya an rubuta shi iri uku a ofis uku, ranar haihuwarsa ta asibiti daban, ta makaranta daban, wanda ya rasu shekara biyar har yanzu yana cikin jerin masu albashi, to duk wayon na'ura wannan ruɗanin za ta haɗiye ta amayar, sai dai ta yi shi da sauri. Akwai ma wanda ba ya cikin rajistar sam. UNICEF ta ce a 2024 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 150 ne a duniya ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa a 2021 mutum kusan miliyan 850 ba su da wata takardar shaida ta hukuma. Waɗannan a wurin kwamfuta babu su. Kuma su ne fa suka fi kowa bukatar gwamnati.

Ƙasar da aka fi buga misali da ita ita ce Estoniya, 'yar ƙarama ce a Turai, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tun 2001 suka kafa wani tsari da suke kira X-Road. Ba su tara bayanan kowa a rumbu ɗaya ba, kowace hukuma tana riƙe da nata, sai aka yi musu hanyar da za su riƙa tambayar juna cikin tsaro. Suka kuma kafa ƙa'ida: abin da ka taɓa faɗa wa gwamnati sau ɗaya, kada wata hukuma ta sake tambayarka, ta je ta nema wurin 'yar'uwarta. Ku duba abin da wannan kaɗai ya kashe. Babu "je ka kawo takarda daga wancan ofis", babu "fayil ɗinka ya ɓata, dawo mako mai zuwa". Har ta kai idan aka yi rajistar haihuwar yaro, gwamnati ce ke aiko wa iyaye cewa ga tallafin da ya cancance ku, ku amince kawai. Yawancin wannan aikin kuma babu AI a cikinsa. Rajista ce mai tsabta, da doka, da hukumomin da aka tilasta wa magana da juna.

Haka batun ma'aikatan bogi da kullum ake cewa fasaha ta kama su. Ba wani siddabaru ba ne. Jerin albashi ake ɗauka a gwada da bayanan banki da hoton yatsa, sai a ga mutum ɗaya yana karɓar albashin mutum goma. Kwamfutar shekara ashirin da suka wuce ma za ta yi wannan. Abin da ke hana a yi shi ba rashin na'ura ba ne, masu cin gajiyar ruɗanin ne ba sa so a haɗa jerin biyu wuri ɗaya.

Yanzu ina AI ɗin take da amfani na gaske? Tana da shi, kada Malam ya ce na kore ta gaba ɗaya. Ta iya aikin da ya yi wa mutum yawa. Misali tarin fuka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar da ke karanta hoton ƙirji wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama. A wurin da babu likitan da ya ƙware a karanta hoto, ana ɗaukar hoton, cikin ƙanƙanin lokaci manhajar ta ce wannan a yi masa gwajin majina. Amma ku lura, ba ita ke cewa wane yana da cutar ba. Tana ware wanda za a duba ne, gwaji da ma'aikacin lafiya su yanke magana. Haka hasashen ambaliya: Google ya fara gwada nasa a yankin Patna na Indiya a 2018, yana duba yawan ruwan sama da tashin kogi, ana tura wa mutane gargaɗi a waya.

Wanda ya fi burge ni kuwa na Togo ne. Lokacin korona, a 2020, suka fito da shirin tallafin kuɗi mai suna Novissi, ana nema da ƙaramar waya ana karɓa a waya. Da suka zo faɗaɗa shi zuwa karkara sai aka tarar babu cikakken jerin matalauta na kwanan nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su dole ta sa suka fafe. Suka haɗa kai da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly, mai ba talakawa kuɗi kai tsaye. Da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano gundumomin da suka fi talauci, ana duba irin rufin gidaje da hanyoyi da makamantansu. A cikin gundumomin kuma aka koya wa na'ura ta yi hasashen wa ya fi bukata daga yadda yake amfani da wayarsa, nawa yake sa kati, yaya kiransa yake. Binciken da suka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna wannan hanya ta rage tsallake mabukata idan aka gwada ta da sauran hanyoyin da gwamnati ke da su a lokacin. Amma su da kansu sun ce da a ce akwai cikakkiyar rajista ta gida-gida, da ita ta fi na'urar. Sannan wanda ba shi da waya fa? Kun ga mun sake dawowa kan rajista.

To bari in zo ɓangaren da bidiyon bai taɓa ba, wanda a ganina shi ne ya kamata ya hana mu barci.

A Ostireliya an yi wani shiri da ake yi wa laƙabi da Robodebt, ya kankama a 2016. Gwamnati ta ce za ta gano waɗanda suka karɓi tallafi fiye da haƙƙinsu. Yaya aka yi lissafin? Aka ɗauki kuɗin da mutum ya samu a shekara daga hukumar haraji, aka raba shi daidai-wa-daida a kan kowane mako biyu. Alhali mai aikin wucin gadi ba haka yake samu ba. Yana iya yin aiki wata uku, sauran watanni yana zaune, kuma a watannin zaman nan tallafin halaliyarsa ne. Da aka baje kuɗin a kan shekara sai ya zama kamar yana aiki kullum yana kuma karɓar tallafi. Kwamfuta ta riƙa buga wasiƙun bashi tana aikawa, aka ce wa mutum in kana jayayya kawo takardun albashinka na shekarun baya. Wato an tuhume ka, kuma kai za ka wanke kanka. A 2019 gwamnati ta amsa a gaban kotu cewa wannan lissafi ya saɓa doka, a 2020 ta ce za ta mayar da dalar Ostireliya miliyan 721 kan basussuka kusan 470,000. Kwamitin bincike ya fitar da rahoto a 2023 yana yin tir da shirin, kuma iyalai sun ba da shaida a gabansa kan 'ya'yansu da suka kashe kansu bayan irin waɗannan wasiƙu. Allah ya kiyaye. Wannan ko AI ba ce ba, rabawa ce ta 'yan firamare, amma da yake "kwamfuta ce ta faɗa", shekaru aka ɗauka kafin a saurari masu kuka.

A Holan kuwa an yi wani tsari da ke ba mutane makin zargi. A lokacin hukumar harajinsu tana farautar masu zamba a tallafin renon yara, kuma cikin abubuwan da tsarin ke dubawa har da ko mutum ɗan asalin wata ƙasa ne. Iyaye dubbai, ana maganar sama da 26,000, aka yi musu tambarin 'yan damfara, aka ce su mayar da kuɗin shekaru, wasu suka rasa gida, wasu aure ya mutu. Abin ya kai gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021. Wannan fa ƙasa ce mai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi. Ku yi tunanin inda babu waɗannan.

Saboda haka ni ga inda na tsaya, Hajiya. Idan aka ce gwamnati ta kawo AI, abin da nake fara tambaya shi ne ina aka juya fuskarta. An sa ta ne ta nemo wanda ya cancanci haƙƙi bai samu ba, ko an sa ta ne ta nemo wanda za a tuhuma? Na'urar Togo in ta yi kuskure ta sa mai hali a jeri, asarar 'yan kuɗi ce. In ta tsallake mabukaci, wannan ya fi ciwo, amma ana iya gyarawa muddin akwai ƙofar koke. Ita kuwa na'urar da ke tuhuma, kuskurenta yana rusa gida. Kuma na lura gwamnatoci sun fi saurin sayen ta biyun, don ita ce ake iya cewa "mun ceto kuɗi kaza". Duk hukuncin da zai yanke wa mutum fansho, ko tallafi, ko ya ɗora masa bashi, dole a samu ɗan'adam mai suna da muƙami da ya sa hannu, wanda za ka iya zuwa gabansa ka ce a nuna maka dalili. Ba wai a ajiye ma'aikaci yana danna "na amince" sau dubu a rana ba tare da ya karanta ba, wannan sunan dubawa ne kawai. Tarayyar Turai ma a dokarta ta AI da ta fara aiki a Agustan 2024 ta sa irin tsarin da ke tantance wa zai samu tallafin gwamnati cikin rukunin masu babban haɗari, da sharaɗin kulawar ɗan'adam da ajiye tarihin abin da na'urar ta yi.

Af, akwai kuma waɗannan manhajojin AI masu amsa tambaya da ake liƙawa a shafukan intanet na hukumomi. Birnin New York ya saka ɗaya don 'yan kasuwa, a 2024 'yan jarida suka gwada shi suka tarar yana ba da shawarar da ta saɓa wa dokar birnin kanta, kuma yana faɗa da cikakken tabbaci. Irin waɗannan suna da amfani wajen fassara, da taƙaita dogon rubutu, da ware koke-koke a tura kowanne inda ya dace. Amma in maganar haƙƙinka ce, nemi a rubuce daga hukumar.

Malam, na dawo kanka. Batun leƙen asiri kana da gaskiya, don hanyar da ke sa a yi maka aiki cikin minti biyar ita ce kuma ke sa a san komai naka. Abin da Estoniya ta yi shi ne ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ta buɗe bayanansa da yaushe, kuma jami'in da ya leƙa ba dalili yana iya fuskantar hukunci. Ni a wurina duk tsarin da gwamnati ke ganinka kai ba ka ganin wanda ya duba ka, bai cika ba. Batun cin hanci kuma, gaskiya ne idan babu taga babu mai miƙa hannu ta taga. Sai dai hancin yana ƙaura ne, ya koma wurin kwangilar sayen manhajar, ko wurin wanda ke da izinin gyara rajista. Shi ya sa kowane gyara ya kamata ya bar sawu, a san wa ya canza me.

Korar ma'aikata kuwa, aikin kwafe takarda da jera fayil zai ragu, wannan babu musu. Amma tsohon da bai iya waya ba, da makaho, da wanda yatsunsa suka goge saboda aikin ƙarfi na'ura ta ƙi karanta su, duk suna bukatar mutum a zaune a ofis. Indiya ta ga wannan da tsarin Aadhaar, wato lambar shaidar da ake tabbatarwa da hoton yatsa, inda aka samu rahotannin mutanen da suka rasa rabon tallafinsu don yatsa ya ƙi shiga. In an rufe taga saboda an buɗe manhaja, su ake kora tun kafin ma'aikacin.

Na ga muryar ta yi tsawo, bari in tsaya nan. Malam, in akwai inda ba ka yarda ba, turo taka mu ji. Hajiya a gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.