Filin Tambaya: Kai Haja Ƙetaren Boda, Ta Ina Ake Fara Lissafi?

Daga wata mai sana'ar sabulu a Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum. Ina yin sabulun salo da man kaɗanya, ina zuba su a roba mai tambarina. Masu irin kayana sun yi yawa a kasuwar Kejetia. Wasu 'yan uwa sun ce in kai Kano, wasu sun ce Wagadugu ko Abidjan. Jarina bai wuce sidi dubu ɗari ba. Yaya zan gane inda ya fi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Masu ce miki Kano yawan jama'a suke kallo, kuma ba ƙarya suka yi ba, Najeriya ta haura mutum miliyan 200, Burkina Faso kuwa ko miliyan 25 ba ta kai ba. Sai dai ba jama'a za ki ƙirga ba. Abin da za ki auna shi ne sidi nawa zai dawo hannunki, kuma bayan kwana nawa.

Ki fara daga can, ki yo lissafi baya. Ki sa a sayo miki sabulu uku ko huɗu cikin waɗanda suka fi tafiya a kasuwar, a faɗa miki nauyin kowanne da farashinsa na sari, ba na ɗai-ɗai ba, domin ke ga 'yan sari za ki sayar. Man kaɗanya dai kada ki wahalar da kanki ki kai shi Wagadugu, can ne gidansa. Sabulun ne ke da sunan Ghana a bayansa.

Ga misali da ƙirƙirarrun lambobi, ke sai ki sa naki. A ce katan ya tsaya miki sidi 300 a Aboabo. Ki ɗora kuɗin mota zuwa bodar Paga da ƙetarawa Dakola a ɓangaren Burkina, da 'yan dako a lodi da sauke, da ejan ɗin boda, da abin da direba ke rabawa a shingayen hanya, da la'adar dillali, da sabon tambari na Faransanci. Ki ware wani abu na ɓarna, don sabulun salo yana gumi ya saki jiki idan ya kwana a ƙarƙashin tamfol cikin zafi. A ce duka ya kai 390, farashin sari a can kuma ya yi daidai da sidi 430. Ribarki 40 ke nan. To idan kuɗin sai bayan wata uku zai dawo fa? A shekarar 2023 kuɗin ruwan Babban Bankin Ghana kansa ya kai kashi 30 cikin ɗari a shekara, wato kashi bakwai da rabi a wata uku, kusan sidi 29 a kan 390. Saura 11. Ko ba ki taɓa bashin banki, lissafin yana kanki, domin kafin kuɗin ya dawo manja da toka da roba sun ƙara tsada. Kuma ki tambayi ejan tun farko harajin kaya na VAT da za a caje ki a boda: kashi 18 ne a Burkina da Kwaddibuwa da Togo, a Najeriya bakwai da rabi.

Sai canji, wanda shi ya fi cinye fatake. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da ita, rabon da a karya ta tun Janairun 1994. Ita ba ta rawa, sidi ce ke rawa a kanta. A 2022 dala ta tashi daga kusan sidi 6 zuwa sama da 14, wanda ya riƙe sefa a lokacin ya ci. Amma a 2025 abin ya juya, cikin 'yan makonni dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10, wanda ke bin bashi a sefa ya karɓi kuɗinsa cif amma ya dawo gida da asara. Naira ta fi haka zafi. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya ba da kayan dala dubu bashi, rabi ya karɓa. Saboda haka ki yi lissafinki sau biyu, na biyun ki ɗauka canji ya juya miki baya da kashi 20. Idan a haka uwar kuɗi ba ta fita ba, ki haƙura da wannan kasuwar.

Takardu kuma. Tsarin ETLS na ECOWAS ya yafe kuɗin fito ga kayan da aka yi a yankin. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu ba sa bukatar takardar shaidar asali, amma kayan da aka sarrafa aka zuba a mazubi mai tambari sai an yi wa kamfanin da kayan rajista tukuna. Idan babu ita, kwastan na iya sa ki a layin kayan waje, inda kayan da aka gama sarrafawa ke biyan kashi 20 ko 35. Burkina da Mali da Nijar sun fita ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da yi wa kayansu wannan sassauci har sai ta ba da wata sanarwa, su kuma a watan Maris suka sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu. Irin wannan yana canzawa, ki tambaya a Paga a makon da za ki yi lodi. Najeriya kuwa sabulu da man shafawa sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma ta hannun kamfanin da ke da rajista a can ake nemanta. Ga boda uku a hanyar gaɓar teku, Aflao da Hillacondji da Seme, kafin ma ki kama hanyar Kano.

Kada ki manta da tambarinki. Rajista ɗaya a hukumar OAPI da ke Yawunde tana kare shi a ƙasashe 17, har da Burkina da Togo da Kwaddibuwa. Ki yi ta da sunanki, ba da sunan wakili ba. Idan wakili ya riga ki, ranar da kuka ɓata ke ce za ki zama mai kwaikwayon kayanki.

A ganinmu, da jarin dubu ɗari ki bar Kano sai gaba. Ki zaɓi gari ɗaya a ƙasar sefa, ki gwada da abin da bai wuce dubu ashirin ba, ki raba shi zubi uku. Zubin farko ba ya nuna komai, kowa na son taɓa sabon abu. Wanda ya dawo ya sake sara da kuɗi a hannu a karo na biyu da na uku, shi ne kasuwar. Kuma zubi ɗaya ki bi motar da kanki, zuwa da kai ya fi saƙo.

Daga wani mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine: Ɗan yayana yana zaune a Adjamé, Abidjan. Ya ce in riƙa aika masa kaya yana sayarwa muna raba riba. Ko in buɗe shago da sunana?

Alhaji, tsarin mai masauki ba sabo ba ne, da shi kakanni suka yi fataucin goro tun zamanin Salaga. Inda yake ɓaci a yau shi ne rashin rubutu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ku rubuta kayan na wane ne kafin a sayar, wa ke ɗaukar asarar abin da ya ɓata ko aka ƙwace, da wane kuɗi za a yi lissafi, da iyakar bashin da zai iya bayarwa. Kada kaya na biyu ya tashi sai kuɗin na farko ya shigo, ko da yayanka ya yi waya.

Shago sai bayan ka ga shekara guda ta ciniki. Kwaddibuwa tana cikin ƙasashen dokar kasuwanci ta OHADA, ana rajistar kamfani a ofishin CEPICI, a ba ka lambar rajistar kasuwanci ta RCCM. Hayar shago da asusun banki su kasance da sunan kamfanin. A duk ƙasar da za ka shiga, ka bincika abin da aka yarda baƙo ya sayar. Kai shaida ne, a nan Suame an rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019, bisa dokar zuba jari ta GIPC ta 2013 wadda ta ɗora wa baƙon ɗan kasuwa jarin dala miliyan ɗaya. Kuɗi kuma ya biyo banki. Wanda ya ɗauko abin da ya haura dala 10,000 a jiki dole ya bayyana shi a boda. Ka tambayi bankinka ko yana kan tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a 2022, wanda ke ba da damar biya da kuɗin gida ba tare da an bi ta dala ba.

Daga wani dillalin albasa a Adjen Kotoku: Ana iya hango rufe boda kafin ya faru?

Da wuya, Malam. Najeriya ta rufe nata a Agustan 2019 ba sanarwa, sai Disambar 2020 ta buɗe. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da motocin albasa har kaya suka ruɓe. Ghana ma ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya a Agustan 2024 saboda fari. Fari da zaɓe da tashin farashin abinci su ne alamun da ake lura da su. Abin da ke hannunka shi ne kada duk jarinka ya hau titi a rana ɗaya, kuma ka san wata hanyar da wani mai kayan tun kafin ka bukace su. Katin inshorar mota na ECOWAS, wato Brown Card, ɓarnar da mota ta yi wa wani yake biya, ba ruwansa da buhunanka. Inshorar kaya daban ake saye, kuma galibi tana cire yaƙi da tarzoma, sai ka sa a karanta maka wannan sashen kafin ka sa hannu.