Tambaya da Amsa: Manhaja za ta iya ba yara makin karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar aji uku ce a wata makarantar firamare a Daura, kuma ina da yara saba'in da ɗoriya. An ba makarantarmu kwamfutocin hannu guda biyar, an kuma ce akwai manhajar da yaro zai karanta mata labari, ita kuma ta saurara ta ba shi maki da kanta. Yaya ake shirya irin wannan gwaji, kuma zan iya dogara da makin da ta bayar a darasin Hausa da na Turanci? Daga wata malama a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, domin duk wanda ya taɓa zama ya saurari karatun yara saba'in ɗaya bayan ɗaya ya san ba aikin yini guda ba ne. Labarin da aka ba ki gaskiya ne. Manhajar da aka fi sani ita ce Reading Progress, wadda kamfanin Microsoft ya saka cikin manhajarsa ta Teams, wadda makarantu ke amfani da ita wajen ba ɗalibai aiki, a shekarar 2021, Google kuma yana da tasa mai suna Read Along. A ta farkon, malami yana ɗora labarin da ya zaɓa, yaro ya buɗe ya karanta da ƙarfi ana naɗar muryarsa, sai manhajar ta nuna kalmar da ya tsallake, da wadda ya ƙara, da wadda ya maimaita, da wadda ya furta ba daidai ba, da inda ya yi kuskure ya gyara da kansa. Sai dai tana buƙatar intanet da rajistar makarantar a tsarin Microsoft.

Lissafin da take yi ba sabo ba ne, kuma ya kamata ki iya shi da hannu kafin ki miƙa shi ga na'ura. Ana ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya: idan ya kai kalma ta 48 amma ya yi kuskure a 6, makinsa 42 ne. Idan kuwa ya gama kafin minti ya cika, sai a ninka kalmomin da ya samu sau 60 a raba da daƙiƙoƙin da ya yi, wato kalma 57 cikin daƙiƙa 45 ta zama 76. Kalmar da yaro ya gyara da kansa daidai ce, wadda kuma ya tsaya a kanta daƙiƙa uku sai a ce masa ya wuce gaba, a rubuta ta kuskure. Wannan shi ne tsarin EGRA, gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, da cibiyar bincike ta RTI ta Amurka ta ƙirƙiro a 2006, kuma idan kin halarci bitar RANA, shirin koyar da karatu da lissafi da aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara, na tabbata maganar karatu babu gargada ba baƙuwa ba ce a kunnenki.

A darasin Hausa ne nake so ki yi taka-tsantsan sosai. Na'ura tana gane harshen da aka horar da ita da shi ne kawai, don haka ki fara duba jerin harsunan da manhajar take saurara, idan ba ki ga Hausa ba ki kashe tantancewar na'ura, ki bar ta ta naɗi murya kawai. Ko da kin ga Hausa a jerin, ki gwada ta da kanki tukuna. Ki karanta mata "kafa" inda aka rubuta "ƙafa", ki karanta "bata" inda aka rubuta "ɓata", ki gani ko ta kama. Sannan rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na mutane rubutunsu ɗaya ne. Yaron da ya karanta "Inna ta tankaɗe gari" da furucin garin mutane bai fahimci abin da ya karanta ba, kuma kunnenki zai kama wannan nan take, alhali na'ura za ta iya ba shi cikakken maki. A gefe guda kuma, ɗan da ya taso da Katsinanci ya ga "tafi" ya ce "tahi" ya karanta daidai, kuma zalunci ne a rage masa maki saboda karin harshen gidansu. Don haka a darasin Hausa na fi son manhaja irin Tangerine, ita ma ta RTI ce, wadda take aiki ba tare da intanet ba: ke ce mai saurare kina taɓa kalmar da aka kuskure, ita kuma tana riƙe lokaci da lissafi.

A Turanci na'urar ta fi ƙwarewa, amma yaranmu sukan haɗa sautin p da f, kuma wannan lafazi ne, ba rashin iya karatu ba. A Reading Progress akwai wurin da ake rage tsananin tantance furuci, sai ki sauke shi ƙasa, kuma ki sani kina da ikon gyara duk alamar da ta saka kafin ki mayar wa yaro sakamako.

Wajen shirya labarin, ki rubuta gajere da kanki, kalma sittin zuwa tamanin, a kan abin da yara suka sani, kamar yarinyar da aka aika ɗibar ruwa ko hawan Sallah a ƙofar fadar Sarki. Kada ki ɗauko wanda aka sha rerawa a aji, domin yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo da Islamiyya, kuma yaro zai iya zubo miki shafi guda idonsa bai sauka a kan kalma ko ɗaya ba. Ki tanadi tambayoyi huɗu ko biyar da za ki yi masa da baki bayan ya gama, kuma kada ki gaya wa yara cewa sauri ake aunawa, don kada su mai da abin tsere su riƙa ƙetare aya da waƙafi.

Hayaniyar aji tana rikita na'ura, saboda haka ki nemi aron ofishin shugaban makaranta ki riƙa shigar da yara ɗaya ɗaya, goma a kowace rana, sai ki ga cikin mako biyu kin zagaye ajin. Ki kashe ɗaukar bidiyo ki bar murya kaɗai, kuma ki nemi yardar iyaye, domin dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta yi tanadi na musamman a kan bayanan yara. A zagayen farko ki ɗauki yara goma ki ba su maki da biro a takarda, sannan ki kwatanta da abin da na'ura ta bayar. Idan bambancin bai wuce kalma biyu ko uku ba, ki bar mata ƙirgen Turanci, ke kuma ki riƙa sauraren naɗin yaran da makinsu ya yi ƙasa ƙwarai, domin a nan ne za ki ji ainihin harafin da ke yi wa kowannensu gardama.