Gasar ƙera kayan nakasassu: amfani ko biki?

Malam, ka tambaya ko irin wannan gasa tana amfanar masu buƙata ta musamman, ko biki ce kawai. Ya danganta da wanda ke gwada kayan. Dubi gasar Cybathlon da jami'ar ETH Zurich ta ƙasar Switzerland ta fara a 2016: mai hannun roba da kansa yake shiga fili, ya yanka burodi, ya shanya tufafi, mai keken guragu kuma ya hau matakala. In na'ura ta yi nauyi ko ta maƙale, injiniya ba shi da maɓoya.

Mu nan Bauchi, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) za su shirya irinta, ni dai a fara kai keken guragun cikin yashi da cunkoson kasuwar Wunti, mai shi yana zaune a kai.