Amsa ga mai tambaya kan mutuwar ƙafa a ƙarshen tseren mita 400

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana shiga tseren mita 400, kana jan gaba har rabin hanya, amma da zarar an fito kwanar ƙarshe sai ƙafafunka su yi nauyi kowa ya wuce ka, kuma ka tambaya ko rashin numfashi ne. Ba numfashi ba ne kaɗai. Abin da ke kayar da kai a ɗarin ƙarshe, tun a ɗari biyun farko ka sayo shi.

Babu ɗan adam da ke iya riƙe iyakar gudunsa tsawon zagaye guda na fili, wato mita 400. Jiki yana da wani ɗan tanadin ƙarfi na gaggawa da ke ƙarewa cikin daƙiƙa shida zuwa takwas. Daga nan tsoka take komawa ƙona sukari da sauri fiye da yadda iskar da kake shaƙa za ta iya biya, sai tsami ya taru a cikinta, cinya ta ƙi ɗaguwa. Kowa gudunsa raguwa yake yi a ƙarshe, har zakarun duniya. Wanda ka ga kamar yana ƙara wuta, nasa ne bai ragu sosai ba.

To ga lissafin da masu horarwa suke bi. Sa wani ya riƙe maka agogo ka gwada mita 200 da iyakar ƙarfinka. A ce ka yi daƙiƙa 26. Ranar tsere, ɗari biyun farko kada ta gaza 27, wato ka ƙara daƙiƙa ɗaya ko ɗaya da rabi a kan lokacin da ka yi a gwaji. Ta biyu za ta zo kusan 29 ko 30, jimla 56 zuwa 57 ke nan. Idan tazarar rabin farko da na biyu ta haura daƙiƙa huɗu, ka fita da wuta fiye da kima. Sauri ya haifi nawa.

A cikin fili kuwa, mita 50 zuwa 60 na farko ka fita da gaske, domin wancan tanadin ko ka yi amfani da shi ko ka bar shi, ba zai jira ka ba. Da ka hau miƙaƙƙen layin baya, ka daina ƙara wuta, ka riƙe saurin da ka samu: kafaɗu a sake, muƙamuƙi a sake, kada ka dunƙule hannu. Nan ne yawancin sababbi suke ɓata tserensu, don suna ganin mutum a gabansu sai su bi shi. Wajen mita 200 ka fara ƙara aikin hannu a hankali, ka ci kwanar da niyya. Ɗarin ƙarshe kuma hannu ne ke tuƙa ƙafa. Kada ka jefa kai baya, kada ka miƙa ƙafa can gaba don neman dogon taku, domin diddige zai sauka gaban jiki ya zama birki. Gajeren taku mai sauri ya fi.

Wannan mutumin da kake gani a gabanka ma ba lallai ya fi ka ba. Mita 400 a layi na ɗaya ake auna ta, kuma faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka na waje ya fi tsawo. Shi ya sa ake tura mai layi na biyu gaba da kusan mita 7, mai layi na takwas kuwa da kusan mita 53. Sai an fito kwana ta biyu ake sanin wanda ke gaba. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu daga layi na takwas ya kafa tarihin duniya na daƙiƙa 43.03 a gasar Olympics ta Rio a 2016, ba ya ganin kowa tun daga tashi har ƙarshe. Agogon da ke kansa ya bi.

Atisaye mai tsanani sau biyu a mako ya isa, da aƙalla kwana biyu a tsakani. Rana ɗaya ka yi mita 300 sau biyu ko uku da kusan saurin tsere, kana hutawa minti 12 zuwa 15, don jiki ya saba aiki cikin wannan tsamin. Ɗaya ranar ta zafin nama ce: mita 60 sau biyar ko shida, da cikakken hutu. Sauran ranaku mita 200 sau shida zuwa takwas da kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinka, hutun minti biyu, sai hawan tudu da tsugunne-tashi. Kullum ka fara da sassarfa ta minti goma da motsa gaɓoɓi da gajeren gudu sau uku, musamman da sanyin hunturu, lokacin da tsokar bayan cinya ta fi saurin yagewa. Don Allah idan ka ji ta fizga, ka tsaya nan take. Wanda ya daure ya ƙarasa, ciwon mako biyu yakan zame masa na wata biyu.

Ka kuma kiyaye doka, kada wahalarka ta tafi a banza. Tun 2010 wanda ya riga bindigar fara tsere tashi sau ɗaya an fitar da shi, haka ta faru da Usain Bolt a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu, Koriya ta Kudu, a 2011. A kwana kada ka riƙa taka layin da ke hagunka, yana jawo kora. Matokarin tashi kuma, wato abin da ake tokare ƙafa da shi wajen fara gudu, ka kafa shi ta gefen dama na layinka, ka ɗan karkata shi zuwa ciki, domin takun farko su tafi a miƙe. A wurin gamawa ƙirji ake dubawa, ba kai ko hannu ba, saboda haka ka yi gudu kamar layin yana mita biyar gaba. Bayan ka wuce kada ka zube ƙasa, ka ci gaba da tafiya a hankali na minti biyar, jiri da tashin zuciya za su fi saurin sakinka.