Yaron da ke shigewa ƙarƙashin benci da zarar an buga ganga

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina koyar da zane da wasan kwaikwayo ga yaran da yaƙi ya koro, a wata makaranta a garin Gadarif, a gabashin Sudan. Yawancinsu daga garuruwan Madani da Sinja suka zo. Akwai wani ɗan shekara 11, da an buga ganga sai ya shige ƙarƙashin benci yana kyarma, kuma ba ya zana komai sai jirgi da gida yana cin wuta. In sa shi ya faɗa mini abin da ya gani ne, ko in hana shi wannan zanen? Daga wata malama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Cikin biyun nan kada ki yi ko ɗaya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, yara da yawa sun saba da cewa ƙara na nufin a nemi maɓoya. Kunnen yaron nan na jin ganga, zuciya ta hau bugawa, ƙafa ta kai shi ƙarƙashin benci tun kafin hankali ya tuna masa wasa ake yi. Ba iya shege ba ne, ba ragwanci ba. Kada a yi masa tsawa, kada a bar sauran yara su mayar da shi abin dariya.

Mutane na ganin in aka amayar da abin da ke ciki za a samu sauƙi. Sau da yawa fama miki ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafin da ta fitar a 2011 kan taimakon farko ga wanda ya shiga firgici, ta hana matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Abin da ta ɗora wa irinku shi ne ki duba, ki saurara, sannan ki haɗa shi da wanda zai iya taimaka masa.

Zanen kuwa, ƙyale shi, takardar ce bakinsa a yanzu. Zauna a gefensa ki ce, "Ba ni labarin hoton nan, in kana so." In ya yi shiru, shi ke nan. Wata rana ki miƙa masa sabuwar takarda ya zana wanda yake gudu wurinsa in ya ji tsoro. Kada ki liƙa zanensa a bango sai ya yarda.

Gangar ma kada ki ajiye ta. Ki riƙa sanarwa kafin a buga, a fara da tafi a hankali, daga baya ki danƙa masa makaɗin. Ƙarar da ta fito daga hannunsa ba ta razana shi kamar wadda ta faɗo ba zato. In ya sake ɓuya, kada ki jawo shi. Durƙusa kusa da shi, kira sunansa, ki ce, "Ni ce Malama, muna Gadarif, yau Talata," ki sa shi ya riƙa fitar da numfashi kamar mai hura shayi mai zafi.

Akwai inda aikinki ya tsaya. In abin ya wuce wata guda ba sauƙi, ko ya daina cin abinci da magana, ko mugayen mafarkai sun hana shi barci, a kai shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa, ko kika gane wani na cutar da shi, ba a kwana da maganar, kuma ba a barin shi shi kaɗai. Shi ya sa ba a yi wa yaro alkawarin riƙe kowane sirri.

Iyayensa na iya cewa iska ce, su nufi wurin malam. Ni ban ga amfanin musu da su ba. Marigayi Tijani Almahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda aka sa wa asibitin masu taɓin hankali na birnin Omdurman sunansa, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman addini masu ba da magani. A yi addu'a, a kuma ga likita. Duka da ɗauri ne kawai ba za a lamunta ba.

Ke ma yaƙin nan bai tsallake ki ba. In hotunan yaran sun fara bin ki har kan shimfiɗa, nemi wata malama ku riƙa karɓa-karɓa.