Labarin girman yaro: daga ina salon ya samo asali?

Malama, kin tambaya ko littafin da ke bin yaro tun yana ƙarami har ya mallaki hankalin kansa salo ne mai zaman kansa, kuma wa ya fara shi. E, salo ne. Jamusawa suka raɗa masa suna Bildungsroman, wato labarin ginuwar mutum. Wani malamin jami'a, Karl Morgenstern, ya yi amfani da kalmar a 1819, kuma littafin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na marubucin Jamus Goethe kan koyon rayuwar wani saurayi mai suna Wilhelm Meister, wanda ya fito tsakanin 1795 da 1796.

Ba shekarun yaron ne ma'auni ba. Sai ya bar gida, duniya ta gasa masa aya a hannu, ya dawo ya zama wani mutum daban. In ya ƙare labarin da hankalin da ya fara da shi, to labarin yawo ne kawai.

A Afirka abin ya fi ɗaci, domin makarantar Turawa ce kan raba yaro da gidansu. Dubi L'Enfant noir na Camara Laye (1953): ɗan maƙeri daga Kurusa ta ƙasar Gini, ya tafi Konakiri karatu, daga nan Faransa, uwarsa na kuka.

Mu ma muna da namu. Ni dai ina sa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) a wannan sahu: an sace Umar yana yaro, aka kai shi ƙetaren Sahara, ya tashi ya zama babban malami. Wasu na cewa labarin bauta ne kawai, ban yarda ba.