Kuɗin allurar ƙafa: a jari zan cira ko a riba?

Wata 'yar kasuwa ta aiko da tambaya: "A tsaye nake wuni a shago. Yanzu gaban tafin ƙafata na min zugi kamar na taka tsakuwa, yatsu biyu kuma sai su riƙa mutuwa. Likita ya ce jijiya ce ta yi kauri, ya ba da shawarar allurar sitiroyid. In taɓa jari in biya, ko in daure har kasuwa ta buɗe?"

Sannu Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya. Kada ki daure. Wadda ke ɗingishi tana yamutsa fuska ba ta iya tarbar mai saye da fara'a, kuma ita ce ke rufe shago tun rana na sama. Wannan asarar ba ta shiga littafi, amma kullum ana yin ta.

Wannan ciwo, wanda ake kira da sunan Thomas Morton, likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1876, ya fi kama tsakanin yatsa na uku da na huɗu, kuma ya fi damun mata. Allurar tana kwantar da kumburi, amma sau da yawa sauƙin na makonni ne ko watanni, ciwon na iya dawowa. Yawan maimaita ta kuma yana iya cinye kitsen tafin ƙafa, fatar wurin ta yi fari. Saboda haka kada ki yi lissafin allura ɗaya kawai. Ki tambayi likita kuɗin hoto, da na komawa, da abin da zai biyo baya idan ba ta yi aiki ba, domin wasu har tiyata suke kaiwa.

Ki biya daga riba. In ba ta kai ba, ki karyar da kayan da suka daɗe a kanta suna shan ƙura, ki bar masu tafiya. In har dole ta sa kin ari daga jari, ki rubuta shi a matsayin bashi, ki sa ranar mayarwa. Bashi mai ruwa kam ban yarda ki ci ba, haka nan neman mai araha wanda ba ƙwararre ba.

Abin da ya fi komai sauƙin kuɗi shi ne takalmi: mai faɗin gaba, maras tsini, da ɗan matashi a ciki. Ki ajiye kujera kusa da teburin ciniki. Ƙafar na iya ƙara zafi kwana ɗaya ko biyu bayan allura, don haka ki zaɓi ranar da ciniki ya fi sanyi, ki bar amintacce a shago bayan kun ƙirga kaya tare. In kina da ciwon suga, ki faɗa wa likita tun kafin a yi, domin allurar tana ɗaga suga na 'yan kwanaki.